Tsakanin "wai" da "ya ce": amsoshin tambayoyinku kan labarin ƙarar ɓata suna

Jama'a assalamu alaikum. Tambayoyin da suka taru a hannuna wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato yadda mutum zai rubuta labarin shari'ar ɓata suna da ta shafi ɗan jarida ba tare da alƙalaminsa ya karkata gefe ɗaya ba. Na ji daɗin hakan sosai, don a irin wannan labari kalma ce ke fara yanke hukunci tun alƙali bai hau kujerarsa ba, kuma mafi yawan masu yi ba su ma san sun yi ba.

Wata ɗalibar aikin jarida ta tambaya: Malam, ɓata suna, ƙazafi, sharri, ƙage da yarfe duk abu ɗaya ne? Ina ganin ana musanya su yadda aka ga dama.

'Yata, ba ɗaya ba ne, kuma wannan musanyar da kike gani ita ce matsalar. Ƙazafi daga Larabci muka aro ta, kuma a asalinta tana da ƙuntataccen gida: jifan mutum da zina ba tare da shaidu huɗu ba, abin da Suratun Nur aya ta 4 ta yanke wa bulala 80. Daga baya bakin jama'a ya faɗaɗa ta, yau duk ƙaryar da aka laƙaba wa mutum sai a ce ƙazafi, toh ba laifi a hira, amma a labarin kotu kalma ce mai nauyi. Sharri da ƙage kuwa suna ɗauke da hukuncinsu a cikinsu, in kika ce an yi wa mutum ƙage kin riga kin ce abin bai faru ba, ƙago shi aka yi. Yarfe ya fi zama a bakin 'yan siyasa, ka yarfa wa abokin hamayya abu ya manne masa ko da gaskiya ko babu.

Ɓata suna ita ce ta fi dacewa da sunan ƙarar, saboda tana nuna abin da mai ƙara yake kuka da shi ne kawai, cewa darajarsa ta zube a idon mutane. Amma ko ita ɗin ki lura da inda za ki ajiye ta. "Ɗan jaridar da ya ɓata wa wane suna" daban, "ɗan jaridar da wane yake ƙara bisa zargin ɓata masa suna" daban. Ta farkon ta gama shari'a, ta biyun tana jiran alƙali. Dokar Ingila da ƙasashen da suka gaje ta ta raba abin gida biyu, wanda aka yi a rubuce da wanda aka yi da baki, mu ba mu da kalma guda ga kowanne kuma ba ma bukata, ki ce "a rubuce" ko "da baki" ya wadatar.

Wani mai rubuce-rubuce ya ce: Ni dai duk abin da ban tabbatar ba sai in sa masa "wai" a gaba in huta. Ai na fita ko?

Ba ka fita ba ɗana, wallahi ba ka fita ba, kuma bari in ɗan daɗe a nan don wannan ƙaramar kalma na shafe shekaru ina bibiyarta. Harufa uku ce amma aikinta ya fi na wasu jimloli. Duba: "Wai ina ka shiga ne kwana biyu?" nan tausasa tambaya take yi. "Wani yaro wai shi wane" nan suna take gabatarwa. "Wai gobe za su iso" nan tana cewa ji na yi ban gani ba. Sai kuma "wai shi nan malami ne", wadda kowa ya san raini ce tsagwaronsa. A baki murya ce ke raba su, yadda ka ja ta, yadda ka taɓe baki, har yadda ka ɗaga gira. A takarda kuwa babu murya babu gira, mai karatu shi zai sa mata muryar da ya ga dama, kuma a labarin rigima kusan kullum muryar raini yake sa mata.

Gwada ka ji da kunnenka. "Attajirin ya ce rahoton ya jawo masa asara." Yanzu kuma: "Wai rahoton ya jawo masa asara." Ka ji yadda ta biyun take murmushi? Ba ka ƙara hujja ko ɗaya ba amma ka gaya wa mai karatu kada ya yarda. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu raba ta da son rai, su ba ɓangaren da suke so "ya bayyana cewa", ɗaya ɓangaren kuma su manna masa "wai". Bayyanawa fa ana yin ta ne ga abin da yake akwai yana ɓoye, in ka ce mutum ya bayyana kaza ka yarda kazan nan gaskiya ne. Haka "ya tabbatar da cewa", haka "ya tona", haka "ya fallasa", haka "ya bankaɗo". Ba a tona ramin da babu komai a ciki a kira shi tonon asiri. In kotu ba ta gama ba, ɗan jaridar nan "ya rubuta" ne ko "ya ruwaito", shi ke nan.

Sannan ga ɗaya gefen da mutane ba su sani ba. A dokar ɓata suna irin ta Ingila akwai tsohuwar ƙa'ida cewa wanda ya maimaita magana mai ɓata suna kamar shi ya faɗe ta ne, ba ya kuɓuta don ya ce daga wani ya ji. Wato "wai" da "an ce" da "ana raɗe-raɗin" ba garkuwa ba ne a gaban alƙali. Abin da doka ta ba kariya shi ne rahoton abin da ya gudana a zaman kotu na fili, in an kawo shi daidai kuma cikin adalci. Toh ka ga hanya ta fito: ka faɗi wanda ya yi maganar, da inda ya yi ta. "Lauyan mai ƙara ya shaida wa kotu cewa", "a takardar kariyar da ya shigar, ɗan jaridar ya ce". Kowace magana da ubanta. Ita "wai" marainiya ce, ba a san wanda ya haife ta ba, shi ya sa take komawa wuyan wanda ya rubuta ta. Magabata da suka ce baki shi ke yanka wuya ba su ware bakin da ya fara da "wai" ba.

Ni fa ba ina cewa a kore ta daga Hausa ba ne, Allah ya kiyaye, kalma ce mai daɗi kuma harsuna da yawa sai sun yi doguwar jimla kafin su faɗi abin da take faɗa a numfashi ɗaya. A labarin shari'a ne kawai nake cewa a ajiye ta a bakin ƙofa. "Ya ce" ba ta tsufa, ko sau goma ka maimaita ta a shafi ɗaya ba wanda zai ce ka zalunce shi.

Tambaya: "Ya musanta" da "ya ƙaryata", wanne ya fi?

Ya musanta. Musu ja ne kawai, ƙaryatawa kuwa tana jin ƙanshin an riga an gano ƙaryar.

Wani ma'aikacin gidan rediyo: Kullum muna cewa "ya maka shi kotu" ko "an gurfanar da shi". Akwai laifi?

Malam, ka tambayi kanka me ake makawa. Ana maka wa mutum sanda, ana maka shi da ƙasa. Kalma ce ta duka, shi ya sa take da daɗi a kanun labari, kuma shi ya sa take nuna mai ƙarar kamar wani mai huce haushi. Mutumin da yake ganin an zubar masa da mutunci ya tafi kotu maimakon ya ɗauki doka a hannunsa, abin da ake so kenan ai, me ya sa za mu ba shi siffar mai duka? "Ya shigar da ƙara" ko "ya kai ƙara" sun ishe ka.

Gurfanarwa kuma daga gurfana take, durƙusawa a kan gwiwa. Hukuma ce ke gurfanar da wanda take tuhuma da laifi. In ƙarar ta neman diyya ce tsakanin mutum da mutum, ba wanda aka gurfanar, akwai mai ƙara akwai wanda ake ƙara, sau da yawa ma lauyoyi ne kawai ke zuwa. Amma a ƙasashen da ɓata suna yake cikin laifukan da hukuma ke hukuntawa, nan kam ana gurfanarwa da gaske, kuma nan ne "tuhuma" take da gurbi. Don haka kafin ka zaɓi kalma sai ka san wace irin shari'a ce. Ghana alal misali ta soke dokar da ta mai da ɓata suna laifin ɗauri tun 2001, wasu ƙasashen kuwa har gobe suna ɗaurewa.

Wata malama ta ce: Ina yawan jin "ya yi iƙirarin cewa". Daidai ne?

Hmm. Malama kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Iƙirari a Larabcin da muka aro shi, da kuma a bakin alƙalanmu da malaman fiƙihu, amsa laifi ne, mutum ya tabbatar da abu a kan kansa. Ɓarawo ya yi iƙirari, wato ya ce e ni na ɗauka. Kafafen labarai ne suka juya shi ya koma nufin mutum ya faɗi abin da ba a tabbatar ba, har ya zama in an ce "ya yi iƙirarin" ana nufin kada ku yarda da shi. Kin ga kalma ta yi tafiya daga amsawa ta koma kurari. Na san harshe yana canzawa, kuma wannan ma'anar ta riga ta zauna, ba zan iya tuge ta ba. Amma a labarin kotu, inda tsohuwar ma'anar take raye, haɗari ne. Ki rubuta "ɗan jaridar ya yi iƙirari a gaban kotu", dattijo ya karanta ya fahimci ya amsa laifi, jikansa ya karanta ya fahimci cika baki ya yi. Labari ɗaya fahimta biyu kishiyoyin juna. Muna da "da'awa" ga abin da mai ƙara yake nema ko yake faɗa, tsohuwar kalmar shari'a ce, ita ce a hadisin nan da ya ɗora kawo hujja a kan mai da'awa, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa. Me ya hana mu amfani da ita?

Tambaya: Zan iya buɗe sharhi da "ruwa ba ya tsami banza"?

In ka buɗe da shi ka gama sharhin, don ka ce zargin yana da tushe. Haka "biri ya yi kama da mutum". In kuma ka ɗauko "ramin ƙarya ƙurarre ne" ko "ƙarya fure take ba ta 'ya'ya" ka koma ɗaya ɓangaren. Karin magana ba ya zama ɗan kallo, an yi shi ne don ya kashe gardama, kuma mai karatu yana jin sa kamar muryar kakanni. Ka bar shi sai bayan hukunci.

Wani ɗalibin lauya: In kotu ta kori ƙarar, zan iya cewa ta wanke ɗan jaridar? In kuma ya faɗi, zan iya cewa an tabbatar ƙarya ya yi?

Duka biyun a'a, sai ka karanta dalilin hukuncin. Wanki yana nufin an cire datti, wato kotu ta duba ta ce abin da ya rubuta daidai ne ko bai yi laifi ba. Ƙara kuwa ana iya korarta don an shigar da ita a makare, ko a kotun da ba ta da hurumi, ba a ma taɓa gundarin maganar ba. Wannan kora ce, ba wanki ba.

Bari in ba ka misali biyu daga Amurka don su ne suka fi fito da abin fili. A 1960 jaridar New York Times ta buga wata talla ta masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, wani kwamishina a birnin Montgomery na jihar Alabama mai suna Sullivan ya kai ƙara, kotun jihar ta ba shi diyyar dala 500,000. A 1964 Kotun Ƙolin Amurka ta rushe hukuncin, ta kafa ƙa'idar cewa jami'in gwamnati ba zai ci irin wannan ƙara ba sai ya nuna an buga maganar ana sane ƙarya ce, ko an yi ko-in-kula da gaskiyarta. Toh amma tallar nan tana da kurakurai fa, ta ce an kama jagoran fafutukar, Martin Luther King, sau bakwai alhali sau huɗu ne. Jaridar ta yi nasara, amma wanda ya rubuta "kotu ta tabbatar da gaskiyar abin da aka buga" ya yi ƙarya.

Na biyun ya fi ban sha'awa ga mai nazarin kalmomi. Ariel Sharon, tsohon ministan tsaron Isra'ila, ya kai mujallar Time ƙara a New York kan wani sakin layi da ta buga game da kisan kiyashin Sabra da Shatila na 1982 a birnin Beirut na Lebanon. A 1985 masu taya alƙali hukunci suka ce e, maganar ta ɓata masa suna, kuma e, ba gaskiya ba ce, amma ba a nuna mujallar ta buga ta tana sane da ƙaryar ba. Bai samu diyya ba. Kowane ɓangare ya fito yana cewa shi ya yi nasara. Yanzu kai da Hausa wa za ka ce "ya ci shari'a", wa "ya sha kaye"? Duk wanda ka zaɓa ka ɓoye rabin labari. Sai dai ka jero abubuwa ukun nan kamar yadda aka yanke su, ka bar mai karatu da hankalinsa.

A tsarin Ingila kuma nauyin a juye yake, wanda ake ƙara ne zai tabbatar da gaskiyar abin da ya rubuta in da ita yake kare kansa. Ɗan jarida na iya faɗuwa don majiyarsa ta ƙi fitowa ta ba da shaida. "Ya kasa tabbatarwa a gaban kotu" ita ce jimlar, ba "an kama shi da ƙarya" ba. Da Hausawa suka ce shari'a saɓanin hankali, irin wannan suke nufi, abin da kake gani a fili ba lallai shi ne abin da hujja ta iya ɗauka ba. Kuma kada ka manta da ɗaukaka ƙara, in an ɗaukaka sai ka faɗa a jimlar farko ba a ƙarshen labari ba.

Tambaya: Tara da diyya?

Tara hukuma ake biya don an yi laifi, diyya wanda aka cuta ake biya. A daina cewa "an ci shi tarar" kuɗin da za a miƙa wa mai ƙara.

Wata 'yar jarida ta rubuto doguwar wasiƙa, ga taƙaicenta: Malam, wanda ake ƙara abokin aikina ne, kuma na san masu kuɗi da masu mulki suna amfani da irin wannan ƙara don su rufe mana baki. In na tsaya tsaka-tsaki ban ci amanarsa ba? Kuma ma mece ce Hausar wannan matsayi, 'yar ba-ruwanmu?

'Yata, na ji zafin da ke cikin wasiƙarki kuma tsoronki yana da tushe. Lohé Issa Konaté, editan jaridar L'Ouragan a Burkina Faso, an yanke masa ɗaurin wata 12 a 2012 kan rubutun da ya yi game da wani mai gabatar da ƙara, aka dakatar da jaridarsa wata shida, sai a Disambar 2014 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta ce ɗaurin ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. 'Yar jarida Daphne Caruana Galizia ta ƙasar Malta, lokacin da aka kashe ta da bam a motarta a 2017, ƙararrakin ɓata suna fiye da 40 ne ke kanta. Ba wanda zai ce miki babu zalunci a wannan fage.

Amma ba-ruwanmu ba ita ce kalmar ba. Ba ruwana na nufin abin bai dame ni ba, na juya baya. Ke kuwa da ruwanki, ya dame ki, kuma daidai ne ya dame ki. Tsaka-tsaki ma ban cika son ta ba, don tana sa mutane su zaci aikin shi ne a raba komai biyu daidai ko da ɗaya ɓangaren ya fi hujja. Kalmar da nake ba ɗalibaina ita ce adalci. Adali yana da zuciya, yana iya ƙaunar ɗaya daga cikin masu shari'a, amma ba ya tauye mudu.

Wani tsohon ɗalibina ya taɓa kawo mini rubutunsa a kan irin wannan, takarda biyu, ya ce in duba masa nahawu. Layin farko ya ce: "Jajirtaccen ɗan jaridar nan da ya tona asirin wani hamshaƙi ya faɗa komar masu son rufe bakin gaskiya." Na ɗauki jan biro na ja layi a ƙarƙashin jajirtacce, tona asiri, hamshaƙi, koma, bakin gaskiya, biyar a jimla ɗaya, na ce masa wanne daga ciki ka gani da idonka a kotu? Ya yi shiru yana juya hularsa a hannu. Muka sake ta tare: "Wani ɗan kasuwa ya shigar da ƙarar ɗan jaridar yana neman diyya kan rahoton da ya buga, wanda ya ce ya ɓata masa suna. Ɗan jaridar ya ce yana nan kan rahotonsa." Ya ce Malam ai wannan ba gishiri. Na ce saura ka zuba abin da ka sani tabbas: nawa ake nema, sau nawa mai ƙarar ya taɓa kai 'yan jarida kotu in ya taɓa, me rahoton ya ƙunsa, an nemi jin ta bakinsa kafin a buga ko ba a nema ba. Da ya cika su sai ga labarin ya fi na farko ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma babu layin da lauyan kowa zai kama.

Abokin aikinki ya fi bukatar irin wannan. Rubutun da ya cika da kirari, wanda bai yarda da shi ba tun farko zai ce 'yan jarida ne ke kare junansu ya wuce. In kuma kina son ki fito ki goya masa baya, ki rubuta sharhi da sunanki ki kira shi sharhi, wannan haƙƙinki ne. Ki dai gaya wa editanki da masu karatu cewa abokin aikinki ne, in da hali ma wani ya ɗauki labarin kotun.

Ta ƙarshe: "Magana zarar bunu", mene ne bunu?

Tsohuwar ciyawar jinka ce. In ka zaro ɗaya daga rufin ɗaki ba ka iya mayar da ita gurbinta. Mai tambaya game da "ƙila-wa-ƙala" da "shaci-faɗi" ya yi haƙuri, nasa yana da tsawo, sai karo na gaba in Allah ya kai mu.